Batun maganin giya da ka ce in duba a Accra

Salam Yaya, ya gida ya su Hajiya. Maganar yaron nan da ka ce in binciko masa magani a nan Ghana, na yi ta tambaya daga unguwar Nima har unguwar Madina a nan Accra.

Giya dai a nan ba a ɓoye take ba kamar Kano da Hisba ke fasa kwalabe, kowace kwana akwai mashaya, akpeteshie, wato giyarsu ta gida mai ƙarfi, kuma arha, amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bitas ɗin nan da ake jiƙa saiwoyi a ciki a ce na basir ne ko na ƙarfin maza, wallahi giya ce zalla aka zuba wa itace, yaran zango, wato unguwannin Hausawa da Musulmi na nan, da yawa ta nan suka faɗa, yana sha yana cewa ai magani ne. Duk wanda ya kawo muku kwalba daga nan ya ce ta daina sha ce, ku karanta jikinta tukuna.

Maganin gargajiya na gaskiya kam sun fi mu tsari. Akwai cibiyar binciken tsirrai a Mampong tun 1975, jami'ar KNUST ta Kumasi har digiri take bayarwa a kansa, kuma wasu asibitocin gwamnati suna da ɗakin masu maganin ganye, da kati da awo, duk da su ma suna da masu lasifika a tasha irin namu.

Yoga kuma akwai ajujuwa wajen Osu da East Legon, kuɗinsu ba na ɗan zango ba ne, sai dai duk shekara wajen 21 ga Yuni, ranar yoga ta duniya, ofishin jakadancin Indiya na haɗa taron jama'a. Miƙa jiki ne da jan numfashi a hankali, yana taimaka wa barci da rage damuwa, rashin barci da damuwa kuwa su ne ke mayar da mutum kwalba. Wanda ke tsoron addininsa ya bar waƙe-waƙen ya ɗauki motsa jikin kawai.

Amma don Allah Yaya kada ku fara da waɗannan. Wanda jikinsa ya saba da giya in ya tsaya lokaci ɗaya sai kyarma da gumi, wani har jijjiga, bayan kwana 2 ko 3 ya fara gane-gane, mutane su ce aljanu ne, kuma yana kisa. A asibitin ƙwaƙwalwa na Pantang kusa da Accra akwai sashen masu shaye-shaye, kwantar da mutum ake yi a ba shi irin su diazepam mai kwantar da jiki da bitamin B1 likita na kallo, kuma ba kyauta ba ne. Wannan aikin ana yin sa a asibitin Dawanau a Kano da asibitin Barnawa a Kaduna, kuɗin motar da za ku kashe zuwa nan gara ku kai can. Gidan mari kuwa ko kusa, nan ma akwai sansanonin addu'a masu ɗaure mutane da sarƙa duk da an hana.

In an sallamo shi zan turo muku bidiyon numfashin ta WhatsApp, a samu wanda zai riƙa yi tare da shi bayan asuba.