Karatun rayuwar taurari a jami'a: ina ɗan Kebbi zai nufa?

Bara wani dattijo ya same ni a ɗakin malamai bayan an tashi, riƙe da takardar JAMB ta ɗiyarsa. Bai ko zauna ba ya ce, "Malam, yarinyar nan ta ce ilimin taurari take so. Ni ban aika ta boko don ta zama mai duba ba." Na shimfiɗa masa bayani har ya saki rai, amma tambayarsa ta biyu ce ta fi nauyi: "To ina ake karanta shi, kuma me zai ci mini?" Ni malamin fiziks ne a wata sakandare a Birnin Kebbi, kuma amsar da na ba shi ce nake faɗaɗawa a nan.

Wannan karatu ba ruwansa da duba. Reshe ne na fiziks da ke binciken yadda tauraro ke samuwa daga gajimaren iska da ƙura, yadda yake ci, da yadda yake mutuwa. Rana ma tauraro ce. Shekarunta kusan biliyan 4.6, a tsakiyarta zafi ya kai digiri miliyan 15, inda haidurojin ke haɗewa yana zama hiliyom, hasken da ke busar mana da shinkafa a fadama kuma daga nan yake. Nan da shekara wajen biliyan 5 za ta kumbura ta yi ja, ta zubar da ɓawonta, ta bar ɗan curi fari mai girman duniyarmu. Tauraron da ya ninka rana nauyi sau 8 ko fiye kuwa fashewa yake yi, ya bar dunƙulen da faɗinsa kusan kilomita 20 ne, ko kuma baƙin rami, wato wurin da ko haske ba ya iya kuɓuce masa. Duk wannan da lissafi ake gano shi. Wanda lissafi ke sa wa ciwon kai ya sani tun yanzu: kallon Kaza da 'Ya'yanta a tsakar gida daban, zama da kalkulas shekara huɗu daban.

Hanya ta farko ita ce ta gida. Akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ta Gusau, waɗanda aka kafa a 2013, akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da ke nan tun 2006, ga kuma Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Abin da za ka samu a waɗannan digirin fiziks ne, kuma kada sunan ya sanyaya maka gwiwa. Kimiyyar zafi, ta haske, ta ƙwayar zarra da ta maganaɗisu, su ne dai kayan aikin da ake buɗe cikin tauraro da su. Masana taurari da yawa a duniya da digirin fiziks zalla suka fara. Ribar gida a fili take: kuɗin mota kaɗan, buhun gero da jarkar mai na isowa daga gida, kuma ga ɗiya mace, iyaye sun fi sakin jiki. Raunin shi ne za ka iya gama shekara huɗu ba ka haɗu da wanda taurari ne sana'arsa ba. Don haka kafin ka cike fom, ka je sashen da ƙafarka. Ka nemi jerin kwasa-kwasan aji uku da aji huɗu, ka tambayi ɗaliban ajin ƙarshe ko ɗakin gwaji na aiki, ka ji ko akwai malamin da zai yarda ya duba furojet a kan taurari. Yini ɗaya a can ya fi duk abin da za ka karanta a talla.

Hanya ta biyu Nsukka ce, a jihar Enugu. Jami'ar Najeriya da ke can tana da sashen da sunansa ma fiziks da ilimin sararin samaniya ne, kuma a garin akwai cibiyar binciken sararin samaniya da ke ƙarƙashin NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa. Tarihin wurin yana taɓa ni. Marigayi Farfesa Samuel Okoye, wanda ya kafa tushen wannan karatu a can, yana ɗalibi a Kambirij tare da Antony Hewish ya gano wata 'yar mafitar igiyar rediyo a cikin ɓurɓushin tauraron da aka ga fashewarsa a 1054. A 1968 aka gane gawar tauraron ce, tana juyawa sau 30 a daƙiƙa ɗaya. Ɗan Najeriya na cikin waɗanda suka fara gano alamarta. A Nsukka za ka zauna gaban mutanen da wannan ne aikinsu, su ne kuma za su rubuta maka takardar shaida idan ka nemi gaba. Amma a yi lissafi da gaskiya: tafiya ce mai cinye yini har ta shiga dare, ga haya, ga abinci, ga baƙunta, gasar shiga kuma ba wasa. Yaro ɗan shekara 17 da bai taɓa wuce Yawuri ba, sai an duba ƙarfin zuciyarsa kamar yadda ake duba aljihun mahaifinsa.

Ta uku waje ce, kuma a ganina ba ta digirin farko ba ce, sai ga mai hali sosai. A mataki na biyu ne ƙofofi ke buɗewa. Afirka ta Kudu na da shirin NASSP da ke horar da ɗalibai kan ilimin taurari a Jami'ar Kef Tawun da wasu jami'o'in, ƙasar kuma na da babban madubin hangen nesa na SALT a Sutherland da faifan rediyo 64 na MeerKAT. Cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da ke Tiriyeste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana da difloma ta shekara ɗaya don ɗaliban ƙasashe masu tasowa. Cibiyoyin AIMS na Ghana, Senegal, Kamaru, Ruwanda da Afirka ta Kudu suna ɗaukar nauyin mastas a lissafi. Dukkansu sakamako mai kyau suke nema da shaidar malamai. Mai digiri mai daraja ta ɗaya daga Aliero ya fi mai daraja ta uku daga ko'ina damar shiga.

Shi ya sa ga yawancin yaranmu nake zaɓar gida a digirin farko, Nsukka ko waje a na biyu. Wanda na ga lissafinsa ya yi fice, iyayensa kuma za su iya, shi nake cewa ya nufi Nsukka kai tsaye. Ko wacce aka zaɓa, sharaɗin shiga kusan ɗaya ne: kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri, a JAMB ma waɗannan huɗun ne suka fi tsaro. Bashin karatu na NELFUND da ya fara a 2024 yana rage nauyi a jami'o'in gwamnati.

Sai maganar kaya, inda na ga ana asarar kuɗi. Yaro na samun gurbi sai ya ce a saya masa madubin hangen nesa. A'a. Masu arha na kasuwa rawa suke yi a kan ƙafafunsu, wata kawai za su nuna maka, ƙurar hunturu kuma ta gama da su. Kuɗin a sa a kwamfutar tafi-da-gidanka, ko ta hannu ce, mai RAM 8 da batir mai riƙe caji, saboda halin wutarmu. A kanta zai koyi Python, yaren rubuta wa kwamfuta umarni, ya sauke bayanan kumbon Gaia, wanda ya auna taurari fiye da biliyan 1.8 kuma kowa na iya ɗauka kyauta. Da su ɗalibi a Gusau zai jera taurarin Kaza da 'Ya'yanta bisa haske da launi, ya kimanta shekarunsu da kansa. Manhajar Stellarium, mai nuna taswirar taurari, kuma ta isa koyon sama.

Dattijon ya ƙara tambaya, "In ta gama, wa zai ɗauke ta aiki?" Ban ɓoye masa ba: guraben binciken taurari a ƙasar nan kaɗan ne, jami'o'i ne da NASRDA. Sai dai mai fiziks da ya iya sarrafa bayanai a kwamfuta yana shiga koyarwa, harkar wutar sola, sadarwa da banki. Yarinyar ta cike fiziks a nan kusa da gida. Ranar da za ta tafi, mahaifin ya dawo da kuɗi ƙulle a leda, ya ce in raka shi kasuwa mu zaɓo kwamfutar.