Wane Maikroskof Ya Kamata Mai Koyon Ilimin Halittu Ya Saya?

Abin da ya fi yaudarar mai sayen maikroskof, wanda wasu ke kira madubin likita, shi ne lambar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali: 1200x, 2000x, wani ma har 2500x. Ka bar wannan lamba tukuna. Fara tambayar kanka girman abin da kake son gani. Ido ƙuru-ƙuru yana tsayawa ne a wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita, wato maikromita 100. Ƙwayar halittar da ake kankarowa daga cikin kumatu tana da faɗin maikromita 50 zuwa 60, jar ƙwayar jini 7 zuwa 8, bakteriya kuwa yawanci 1 zuwa 2. Ƙafar tururuwa, jijiyar ganye da ƙananan ƙwarin da ke cikin ƙasa duk sun fi waɗannan girma nesa ba kusa ba, kuma na'urar da ta dace da su daban take.

Mafi sauƙi shi ne madubin hannu mai ƙara girma sau 10. Kada a raina shi. Ka nemi wanda aka haɗa gilashi uku a cikinsa, domin mai gilashi ɗaya yakan sa gefen abu ya yi dishi-dishi da launin bakan gizo. Ana kanga shi dab da ido, sannan a matso da abin da ake dubawa har ya fito sarai. Yawancin masu koyo akasin haka suke yi, sai su ce madubin ba shi da kyau. Duk darasin da ya shafi muhalli, kamar rarrabe ƙwari, ƙirga sassan fure ko gano abin da ke cin ganye, wannan ya isa a fara da shi.

Sai maikroskof mai ido biyu da ake kira sitiriyo, wanda ke ƙara girma daga sau 10 zuwa 40. Haskensa daga sama yake sauka, ba a yanka abu, ba a shafa masa rini, kuma tsakanin gilashi da faranti akwai tazarar santimita da dama, yadda hannu da hantsaki za su shiga. Ɗebo ruɓaɓɓen ganye cikin cokali ka zuba a faranti: za ka ga zaren fumfuna fari ya saƙa a kansa, ga mitsi-mitsin ƙwari suna kai da komowa. A nan ne darasin masu ruɓar da matattun abubuwa su mayar da su taki yake shiga kai. Ga yaro ƙarami shi ya fi dacewa. Aibinsa ɗaya ne, ba zai nuna maka cikin ƙwayar halitta ba.

Aikin ƙwayar halitta na maikroskof mai harhaɗaɗɗen gilashi ne, wanda haske ke ratsa abu daga ƙasa, kuma a kansa ne ake yawan asarar kuɗi. Yana da gilashin ido a sama, yawanci 10x, da gilasan ƙasa uku ko huɗu a kan faifai mai juyawa: 4x mai jan zobe, 10x mai rawaya, 40x mai shuɗi, da 100x mai farin zobe. Ninka na sama da na ƙasa shi ne jimillar girma, wato 40, 100, 400 da 1000.

Duba jikin gilashin ƙasa da kyau. Za ka ga rubutu kamar 40/0.65, a ƙarƙashinsa kuma 160/0.17. Wannan 0.65 ita ce lambar da ta fi komai muhimmanci, domin ita ke nuna yawan hasken da gilashin ke kamawa, kuma ita ke ƙayyade ko zai iya raba ɗigo biyu da ke kusa da juna. Na 4x yakan zo da 0.10, na 10x da 0.25, na 100x da 1.25. Tun 1873 Ernst Abbe, Bajamushe, ya nuna cewa hasken da ido ke gani yana da iyaka: abubuwa biyu da tazararsu ta gaza kusan maikromita 0.2 za su haɗe su zama ɗaya, komai kyan gilashi. Ƙa'idar da ake bi ita ce girma mai amfani ba ya wuce wannan lamba sau 1000. Ke nan gilashin 0.65 ya ƙare aikinsa a wajen sau 650, na 1.25 kuma a wajen 1250. Masu rubuta 2000x gilashin ido na 20x kawai suka jefa cikin kwali. Hoton zai kumbura, ya dushe, ba tare da wani sabon abu ya bayyana ba. Antonie van Leeuwenhoek na Delft a Holan ya ga bakteriya a ƙarni na 17 da gilashi ƙwaya ɗaya tal wanda ƙarfinsa bai kai sau 300 ba. Kuma in mai talla ya ce za ka ga bairas ko zaren DNA, ka wuce abinka. Wannan aikin maikroskof mai amfani da ilektron ne.

Lambar 0.17 kuwa kaurin siririn murfin gilashin da ake rufe samfur da shi ne, a milimita. In ka duba abu da 40x babu murfi, ko da murfi mai kauri, hoton zai yi hazo. Ita kuma 160 tsawon bututun maikroskof ɗin ne, a milimita. Mai wannan ma'auni yana da sauƙin samun gilashin canji in wani ya lalace.

To ko a sayi mai 100x? Ga mai farawa, a'a. Sai an ɗiga masa mai na musamman tsakaninsa da murfi, a goge bayan kowane amfani, in kuwa aka juya faifai man ya taɓa 40x to an ɓata shi har sai an wanke. Kusan duk abin da darasin farko ke buƙata yana fitowa a sau 400 ko ƙasa da haka. Ɓare tantanin cikin albasa, shimfiɗa shi a ɗigon ruwa, ka sa ɗigon aidin: a sau 100 ƙwayoyin za su jeru kamar tubalin gini, kowace da bangonta da cibiyarta. Ba za ka ga koren kuloroplas, wato sashen ƙwayar da ke haɗa abinci da hasken rana, a ciki ba, domin wannan sashe a ɓoye yake daga rana, sai ka koma ga siririn ganyen tsiron ruwa. Shafa man farce marar launi a bayan ganye, bari ya bushe, ka ɗago shi da salatif, ƙofofin numfashin ganyen za su fito kamar ƙananan leɓuna. Ɗigon ruwan kududdufi kuwa duniya ce guda: ga gansakuka mai haɗa abinci da hasken rana, ga faramisiyam, wata halitta mai ƙwaya ɗaya, na ninƙaya da gashinsa, ga masu farautarsu. Sai wanda zai karanci bakteriya ko jini da gaske ne 100x ya zama masa dole.

Kuɗin da ka rage a can, zuba shi a abubuwa uku. Na farko abin murɗa saiti guda biyu, babba da ƙarami. A sau 400 tazarar gilashi da murfi kusan rabin milimita ce, kuma da babban kaɗai ko dai ka wuce wurin ko ka fasa silaid, wato gilashin da ake ɗora samfur a kai. Na biyu kondensa, wato gilashin da ke tattara haske, a ƙarƙashin faranti, mai ƙofar haske da ake buɗewa a tsuke. Ƙwayar kumatu kusan garau take kamar ruwa, in haske ya yi yawa sai ta ɓace, in aka ɗan tsuke ƙofar sai ta fito. Na uku faranti mai matsar da silaid da murɗi, domin a sau 400 filin da kake gani bai kai rabin milimita ba, ɗan turi da yatsa ya isa ya kore abin da ka sha wuya ka samo. Fitilar LED ta fi halojin ga mai duba abu mai rai, tunda ba ta zafi balle ta busar da ruwan, kuma akwai masu batir. Jiki ya zama ƙarfe, gilasai kuma gilashi na gaske. Na roba kayan wasa ne. Ido ɗaya ko biyu ya danganta da zama: mai minti ashirin ido ɗaya ya ishe shi, mai awa biyu zai gode wa ido biyu.

Akwai kuma 'yan ƙananan nan da ake jona wa kwamfuta ko waya ta USB. Lambarsu ta dogara ne da faɗin allon da aka nuna hoton, don haka ba abin dogaro ba ce. Suna da daɗi wajen nuna wa aji fiffiken ƙuda ko ɗaukar hoto, amma ka ɗauke su a matsayin ƙanen sitiriyo. Ba sa maye gurbin mai harhaɗaɗɗen gilashi.

In za ka iya gwadawa kafin ka biya, musamman wanda wani ya taɓa amfani da shi, ka saita hoto a 4x, ka juya zuwa 10x sannan 40x. Ya kamata abin ya tsaya a tsakiya, ɗan murɗi kaɗan ya gyara shi. Saki hannu na minti ɗaya ka sake leƙawa. In hoton ya dushe da kansa, farantin na zamewa ƙasa. In ka ga ɗigo, juya gilashin ido: ya juya tare da shi, dattin a nan yake, kuma gogewa ce kawai. Amma in ka haska ciki ka ga zare-zare kamar yanar gizo, fumfuna ce da laima ta haifar, kuma takan ci fuskar gilashin yadda ba ya gyaruwa. Wanda ka saya kuma ka riƙa ajiye shi a rufe, a busasshen wuri, da ƙunshin silika mai tsotse laima a akwatinsa, kada ka goge gilashi da gefen riga sai da takardar goge gilashi.

Wanda zai bi manhaja tun daga ƙwayar halitta har zuwa muhalli, kuma kuɗinsa na abu ɗaya ne, ya ɗauki mai harhaɗaɗɗen gilashi da ya tsaya a sau 400, ya haɗa da madubin hannu na 10x. Ya ƙara da kwalin silaid, kwalin murfi, abin ɗiga ruwa, hantsaki, aidin da shuɗin rinin metilin. Murfi ya sayi da yawa, don shi ke fara ƙarewa.