Asibitin idon da muka kai Mma a Adum, da maganar yaran da take gani

Salamu alaikum jama'a. Mutane da yawa sun tambaye ni ina muka kai kakarmu gwajin ido, toh ga yadda muka same su, da mai daɗi da marar daɗi. Sunan wurin dai ba zan faɗa ba dan akwai inda zan yi ƙorafi, amma ƙaramin asibitin ido ne mai zaman kansa a unguwar Adum da ke Kumasi a Gana, a saman bene yake.

Bari in fara da abin da ya kai mu. Mma, haka duk gidan muke ce mata, ta haura tamanin, idonta ya daɗe yana dishi-dishi amma ba ta yarda a taɓa shi. Sai bayan azumi ta fara cewa tana ganin yara ƙanana da jajayen huluna sun jeru a kan tabarmarta, yawanci da almuru in ɗaki ya fara duhu, wani sa'in kuma bango gaba ɗaya ya koma mata zane-zane kaman kente. Kun dai san gidan yawa a unguwar Aboabo, kafin sati magana ta zaga. An yi tofi, an sha rubutu, an yi hayaƙi har ɗakin ya koma kaman wajen gashin kifi. Kawunmu ya ce tsufa ne ya taɓa mata kai, a fara shirin Ankaful ko Pantang, asibitocin masu taɓin hankali. Wanda ya fi ƙona min rai ita ce wata maƙwabciya da ta hana yaranta shiga ɗakin Mma, kuma duk wanda ke ƙasar nan ya san inda irin wannan raɗe-raɗin yake kai tsohuwa.

Ni ba wani tunani na yi ba wallahi, kawai na ga tana laluben butarta alhali tana gabanta, na ce bari mu fara da idon.

Mun isa bakwai da rabi na safe, ba mu ga likita ba sai wajen sha ɗaya. Benen nan ba lifta, tsohuwa mai ciwon gwiwa sai da ni da direban taksi muka riƙe ta hawa-hawa. Asibitin ido fa, wanda rabin masu zuwa tsofaffi ne! Yarinyar da ke wajen kati kuma idonta na kan waya, sau uku ina tambaya wa ke gabanmu. Katin inshora na NHIS ba sa karɓa, sai MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ko kuɗi a hannu. Wurin dai tsaf yake, fanka na aiki, akwai ruwan sha, wannan ba zan ci haƙƙinsu ba.

Da muka shiga ciki ne komai ya canza. Likitar mace ce, Ba'asantiya, ba ta wuce sa'ar yayata ba, ta tashi ta kama hannun Mma ta zaunar da ita tana ce mata Nana. Da yake Mma ba ta boko sai ta kunna mata allon nan mai harafi ɗaya kaman cokali mai yatsu uku, ta nuna da hannu inda yatsun suka kalla. Na sama kaɗai, babban, ta iya gani da idon dama. Aka hura mata iska a ido dan auna hawan jinin ido, Mma ta zabura ta ce a'uzubillahi, likitar ta ce dole ne dan gilakoma ta yi yawa a Gana kuma ba ta sallama kafin ta cinye ido. Alhamdu lillahi ba ita ba ce. Yana ce, ta rufe ido biyun, na hagu ya fi.

Sai kawai ta tambaye ta da Twi, yaren Asante, a hankali, kaman ana hira: Nana, kukan ga abin da sauran mutane ba sa gani? Ni ban ce mata komai ba fa. Mma ta kalle ni, ta yi shiru, na ce Mma ku faɗa mata, ba komai. Ta faɗi yaran. Likitar ko gezau, ta ce suna yi maku magana? A'a. Suna sa ku yin wani abu? A'a. Kun san ba su nan da gaske? Mma ta ce yo na sani mana, na kai hannu na ji tabarma ce, ai ni ban haukace ba. Na rantse maku wata biyu kenan ba wanda ya yi mata wannan tambayar a gida, kowa magani yake kawowa.

Bayanin da ta yi mana shine, ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da gani ya saba ido na aiko masa hoto kullum, in ido ya rage aikowa sai ya fara ƙirƙiro nasa, kaman wanda aka yanke wa ƙafa yana jin ƙaiƙayi a yatsan da babu shi. Ta rubuta min sunan a takarda, Charles Bonnet, wani masani ɗan Janiba a Suwizalan da ya bayyana abin a 1760 a kan kakansa mai yanar ido, shi ma yana ganin mutane da tsuntsaye da gine-gine alhali hankalinsa garau. Kakansa fa, ni kuma ga ni zaune da tawa, abin har dariya ya ba ni.

Inda ta burge ni kuma ba ta ce mu je mu kwanta shi kenan ba. Ta ce in muka ga Mma ta fara jin murya, ko tana zargin ana sa mata guba a abinci, ko ta daina gane mutanen gida, ko ta rikice dare ɗaya ga zazzaɓi, wannan ba na ido ba ne, mu kai ta babban asibitin Komfo Anokye a duba ta a ɓangaren da ya dace, kar mu tsaya jiran tabarau.

Da daddare na kasa barci na shiga waya ina karantawa, ashe maganar ido da taɓin hankali ta fi haka zurfi. A Suwidin an bi diddigin samari sama da miliyan 1 da aka gwada idonsu lokacin tantancewar shiga soja, aka ga masu raunin gani sun fi sauran yiwuwar kamuwa da irin taɓin hankalin da mutum ke rabuwa da zahiri daga baya. Wannan ba yana nufin duk mai tabarau ya fara tsoro ba, ni kaina tun firamare nake sawa, alaƙa aka gani kuma mafi yawansu lafiya lau suka rayu. Wanda ya ɗaure min kai shine binciken Yammacin Ostareliya da ya fito a 2018, yara kusan rabin miliyan, a cikinsu 66 masu makantar da ta samo asali daga ƙwaƙwalwa tun suna jarirai, ko ɗaya bai kamu da sikizofreniya ba, wani nau'in wannan taɓin hankalin. Wato gani dishi-dishi na tafiya da ƙarin haɗari, rashin gani tun farko kuma kaman ma kariya yake yi. Ikon Allah.

Mu koma kan asibitin. Da muka fito sai mai sayar da firem ya tare mu da zaƙin baki, Hajiya ga wannan na Italiya ne, kuɗinsa ya ninka na gwajin gaba ɗaya. Alhali likitarsu da bakinta ta ce tabarau ba zai yi wa Mma komai ba sai an cire yanar. Ban saya ba, ku ma in kun je ku karɓi takardarku ku yi ta zagaya Adum da kasuwar Kejetia ku taya. Sannan ba wanda ya gaya mana maganin da aka ɗiga mata zai buɗe ƙwayar ido na awanni, muka fito cikin ranar azahar tana hawaye ta rufe fuska da mayafi. Ku tafi da baƙin gilashi ko lema.

Aikin yanar a asibitin gwamnati aka yi da katin NHIS, ita likitar ce ma ta ba mu shawarar haka duk da kuɗi ne ya wuce su. An yi na hagu. Mun canza mata ƙwan ɗaki zuwa mai haske sosai, in yaran sun zo kuma takan ƙyafta ido da sauri ko ta kalli dama da hagu ko ta tashi ta fita tsakar gida kaman yadda aka koya mata. Sun ragu ƙwarai, ta ce yanzu sai jefi-jefi, shekaranjiya ma guda ɗaya ne ya zo kuma ba hula. Na dama sai bayan babbar sallah in Allah ya kai mu, kawu ne ma ya ce shi zai raka ta.