Gargaɗi ga masu teburin sunuka a Katsina: jabun alli da tif na yawo

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu gidajen sunuka da masu buga wasa, musamman na wajen Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Marusa da Sabon Layi. Akwai wani matashi da ke tallata allin da ake shafa wa bakin sandar sunuka da tif ('yar fatar nan da ake mannawa a bakin sanda) a WhatsApp, yana cewa kayan ƙasar waje ne ya samo da araha. Wani lokaci ma da kansa yake zuwa a babur da jaka a goye. Kada ku saya.

Yadda yake yi shi ne, zai turo maka hoton kwalin alli mai sunan Master ko Triangle, ya ce rabin kuɗin kasuwa zai ba ka in za ka ɗauki kwali guda. In ka nemi gani, sai ya miƙo maka guda ɗaya na gaske ka gwada. Alli ya kama, hankalinka ya kwanta, ka tura kuɗi. Wanda zai kawo daga baya takardar jikinsa ce kawai iri ɗaya. Abin da ke ciki garin POP ne ko allin makaranta aka kwaɓa da bula, aka zuba a mazubi ya bushe, har da ɗan ramin nan na sama.

Da yawa cikinmu muna ce masa alli ne kawai, amma ba abin da malami ke rubutu da shi a allo ba ne. Tun 1897 da William Spinks da William Hoskins suka yi rajistar haɗinsa a Amurka, tushensa garin yashi ne mai laushi da wani sinadari mai kaushi irin na jikin samfefa. Kaushin nan shi ke sa fatar tif ta riƙe farar ƙwallo lokacin bugu, musamman in ka bugi gefe ko ƙasa don ta dawo baya. Na jabu ba shi da wannan kaushi. Murza shi tsakanin yatsu biyu: na gaske za ka ji ɗan tsaki-tsaki, na jabu kuwa sulɓi ne kamar hoda. Yana cika tif da launi har ka ɗauka ya kama, amma kana kai bugu sai ka ji "ƙwas", sanda ta zame. Ƙurarsa kuma na zuba a ƙyallen tebur, ta manne a jikin ƙwallaye. Babban abin tsoro ga mai tebur shi ne sandar da ta zame tana iya karce ƙyalle ko ta yaga shi, kuma kowa ya san abin da sake ƙyalle ke ci yanzu.

Maganar tif ta fi ɓata min rai. Yana sayar da wasu da sunan Kamui. Kamui na gaske daga Japan yake, fatar alade ce aka jera hawa-hawa aka matse (wanda bai san haka ba, to ya sani kafin ya nema). Nasa kuwa in ka sa reza ka tsaga guda, za ka ga ko dai gutsuren fatar takalmi ne, ko wani abu mai kama da kwali da aka danne. Ba ya daɗewa yake baje baki ya yi lema, ko ya ɓalle gaba ɗaya. Girman ma bai damu da shi ba. Sandar sunuka bakinta milimita 9 zuwa 10 ne, ta wasan ful (pool) irin na Amurka kuma 12 zuwa 13, amma shi duk wanda ya samu zai lafta maka da sufa gulu, ya fere gefen da wuƙa, har ya ci zoben da ke ƙarƙashin tif ɗin.

Da ka kira ka yi ƙorafi amsarsa a shirye take: "Yallaɓai, yaranka ne ba su iya shafa alli ba." Abin haushin shi ne akwai ƙamshin gaskiya a maganar, shi ya sa wasu ke yin shiru. Yara da yawa huda allin suke yi, su cusa sanda a rami su yi ta juyawa. Shafawa ake yi a hankali kafin bugu, daga gefe zuwa gefe. In tif ya yi sheƙi, a ɗan karce shi da samfefa, a bar kansa a zagaye. Kada a doka sanda a ƙasa, kada a bar ta a rana ko cikin mota da zafin nan na Katsina. To amma ko ka kiyaye duk wannan, garin POP ba zai riƙe ƙwallo ba.

Duk mai son saye, ya buɗe kwalin da za a bar masa, ya zaro guda daga tsakiya ya gwada a kan teburinsa kafin ya biya. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, ya adana shaidar turawa da hirarsu ta WhatsApp da ragowar kayan, ya kai ofishin 'yan sanda mafi kusa. Yana yawan sauya lamba, don haka sunan da ke kan asusun bankin shi ne abin riƙewa.