Na'urar Da Za Ta Nuna Maka Yadda Kake Taka Birki a Filin Tsere: Wacce Za Ka Saya?

Mai sabon shiga filin tsere yakan ɗauka totur ne ke cinye masa lokaci. Galibi kuwa a wajen birki daƙiƙun ke zubewa. Zai taka tun da sauran tafiya, ya taka da sanyin ƙafa, sannan ya saki ya bar mota tana gangarawa, ba birki ba totur, har tsakiyar kwana. Shi a ransa ya yi daidai. Na'urar tattara bayanai ce kaɗai za ta nuna masa abin da ƙafarsa ta yi.

Kafin ka tambayi farashi, tambayi sau nawa na'urar ke ɗaukar matsayin mota a cikin daƙiƙa ɗaya. Motar da ke gudun kilomita 200 a awa tana cinye kusan mita 55 kowace daƙiƙa. GPS ɗin da ke cikin yawancin wayoyi sau ɗaya yake ɗauka a daƙiƙa, ka ga ke nan inda ka fara birki zai iya ɓacewa a cikin tazarar mita 55. Mai ɗauka sau 10 ta rage tazarar zuwa mita biyar da rabi, mai sau 25 kuma zuwa mita biyu da 'yan kai. Don haka waya ita kaɗai ta isa lissafin lokacin zagaye, amma ba ta isa nazarin birki ba.

Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce ka haɗa waya da ƙaramin GPS na waje, irin RaceBox Mini mai ɗauka sau 25, ka sa manhaja kamar RaceChrono ko Harry's LapTimer. Ni wannan nake fara nuna wa kowa. Za ka ga zanen gudu da na ƙarfin tsayawar mota, ka jera zagayenka mafi kyau da na baya. Matsalarta ɗaya, waya a jikin gilashi cikin rana tana zafi har ta dushe allo.

Garmin Catalyst, wadda ta fito a 2020 kan dala dubu ɗaya ba kaɗan, wata aba ce daban. Tana da kyamara, tana ɗauka sau 10, kuma tana yi maka magana kana cikin tuƙi, ta ce ka jinkirta birki a kwana kaza. Ga wanda ba ya son zama gaban kwamfuta bayan an tashi, ta yi. Sai dai ba ta shiga cikin kwamfutar motar. Rage gudun mota take gani, ba ƙafarka ba.

Wannan bambancin shi ne ya kamata ya yanke maka shawara. Mota tana rage gudu saboda birki, saboda iska, saboda giyar da ka sauke, har da hawan tudu. Zanen matsin man birki kuwa ƙafarka ce zalla. A direban da ya ƙware, layin zai miƙe sama tashi ɗaya kamar bango, ya ɗan tsaya, sannan ya riƙa saukowa sannu a hankali daidai lokacin da sitiyari ke juyawa. A sabon hannu, sai ka ga layin yana hawa a hankali kamar tudu, ƙarfin ya zo a makare bakin kwana, sannan ya faɗo ƙasa gaba ɗaya. Wannan sakin na farat ɗaya shi ke ɗauke nauyi daga tayoyin gaba, mota ta ƙi shan kwana. In ka taɓa ganin zanukan nan biyu a jere, ba za ka manta ba.

Na'urar da za ta ba ka wannan ita ce mai karanta bayanan mota, irin AiM Solo 2 DL ta Italiya da manhajarta Race Studio 3, ko VBOX Video HD2 ta kamfanin Racelogic na Ingila, wadda ke ɗora bayanan a kan hoton bidiyo. Ka kula da haruffan DL ɗin nan, domin Solo 2 maras su ba ta haɗuwa da kwamfutar mota. Kuma kada soket ɗin OBD-II, wato inda makaniki ke jona na'urar duba lafiyar mota, ya ruɗe ka. Bayanan da kowace mota ke bayarwa ta nan su ne gudu, juyawar inji da totur. Matsin birki sai motar da ke fitar da shi ta layin CAN, wato wayoyin da kwamfutocin cikin mota ke aika wa juna bayanai ta kansu, kuma na'urar ta san yarenta. Duba jerin motocin da kamfanin ya wallafa, da samfurin motarka da shekararta, tun kafin ka biya.

In motarka ba ta cikin jerin, sai an ɗaura mata ma'aunin matsi a bututun man birki, a nemi na'urar da ke da mashigar karɓarsa, irin manyan na AiM ko MoTeC ta Ostireliya. Aikin nan na ƙwararren makaniki ne, domin dole a fitar da iska daga layin bayan an gama, a tabbatar babu yoyo ko ɗigo ɗaya. Wanda bai wuce zuwa fili sau biyu ko uku a shekara ba, ya tsaya kan GPS na waje tukuna, ragowar kuɗin ya sayi taya da sabon man birki.