Alƙahira da yara: a raba kwanaki ko a raba yini?

Hajiya daga Ƙofar Ƙaura ta tambaya: za su Alƙahira a dogon hutu, kwana shida, da yara masu shekara 5, 8 da 13. Su ware kwana uku na wuraren tarihi, uku na wasa, ko kowace rana a haɗa biyun?

Hajiya, raba kwanaki amfaninsa ɗaya ne, yana rage zaman mota. Cunkoson Alƙahira kan cinye awa guda daga unguwa zuwa unguwa, kuma manyan wuraren wasa suna bayan gari: Dream Park ta yamma a birnin 6 ga Oktoba, KidZania ta gabas a Cairo Festival City. Irin waɗannan sai an ba su yini sukutum. Illarsa kuwa, ɗan shekara 5 da wuya ya jure fiye da awa biyu yana tafiya yana kallon gini. A rana ta biyu za a fara rigima da goyo, babban ma ya ƙosa.

Raba yini ya fi dacewa da yanayin garin. A watan Agusta zafi kan kai digiri 35, kuma filin dalar Giza, manyan kaburburan Fir'aunoni, rairayi ne, babu inuwa. A isa da zarar an buɗe ƙofa, a bar wurin kafin sha ɗaya. Keken tura yaro ba ya tafiya a rairayin. Shiga cikin babbar dala tikitinsa daban, hanyar kuma matsattsiya ce, a sunkuye ake hawa, ga ƙarancin iska. A bar wa mai shekara 13 da Alhaji. Daga nan Babban Gidan Tarihin Masar, inda kayan Fir'auna Tutankhamun suke, kusan kilomita biyu ne, kuma yana da sashen yara.

Sirrin tsarin shi ne wasan ya kasance kusa da tarihin. Masallacin Azhar, wanda aka aza tubalinsa a 970, yana daura da kasuwar Khan Al-Khalili, a gama su da hantsi. A huta bayan Azahar, da La'asar a wuce Lambun Azhar da aka buɗe a 2005, akwai ciyawa da filin lilo. Kada a sa wannan ranar Juma'a, cinkoson masallata zai iya raba ki da ƙaramin. Wata rana Ganuwar Salahuddin, tsohon sansanin tsaron birnin, da safe, kwalekwale mai filafilai a Kogin Nilu kafin Magariba, amma a nemi rigar hana nutsewa ta yara kafin a biya.

Shawararmu: ranar isa a huta, rana ta huɗu a ba wasa gaba ɗaya, sauran huɗun a raba yini. Kowane yaro ya riƙe hula da gorar ruwa, sannan a rubuta sunan otal da lambar wayar Alhaji a takarda a sa masa a aljihu.