Abin da na gani a garejin maƙwabcina a Arizona

Kawu, bayan gaisuwa da fatan an wuni lafiya. Ka ce in ba ka labarin maharban nan Amurka, to ga ɗaya.

Maƙwabcina wani dattijo ne mai farautar barewa, kuma rabonsa da sayen harsashi a kanti ya daɗe. Kwanson da ya harba yake tsincewa ya sake cika shi, domin doka ta yarda mutum ya yi don amfanin kansa, sayarwa ce sai da lasisi. Abin da ya fara ba ni dariya shi ne wankin kwanso: a cikin wata tukunya mai kaɗawa yake zuba su tare da niƙaƙƙiyar totuwar masara, su fito suna ƙyalli. Totuwar da muke hura wuta da ita, a nan kuɗi ake sa wa a saya!

Teburinsa na katako ne mai kauri, ya ɗaure shi da bango don kada ya yi rawa. A gefe guda akwai tsohon injin cika harsashi na kamfanin RCBS, wanda kowane ja na mariƙi aiki ɗaya yake yi, sai ka gama da kwanso ɗari kafin ka sauya bakin injin don aiki na gaba. Kusa da shi ga na kamfanin Dillon, XL750, mai gurbi biyar a faifai mai juyawa. Ja ɗaya, aiki biyar, harsashi ya faɗo cikin kwano. Amma ya ce na farautar nesa a tsohon yake yi, yana auna albarushi a sikeli ɗaya bayan ɗaya. Kwalbar albarushi guda kaɗai yake bari a tebur, kuma ba ya amsa waya in ya zauna. Na tuna yadda kake ɗura wa bindigar toka da ƙiyasin tafin hannu, gabana ya faɗi.

Ni dai hidimar kamfanin Dillon ce ta fi tsaya min a rai. Masana'antarsu na nan Scottsdale, kuma garantin yawancin injinansu na har abada ne. Wani ɗan ƙarfe ya karye masa, ya buga waya, suka aiko da sabo ta gidan waya kyauta, ba wanda ya nemi rasit. A gida kuwa, kaya in ya bar shago ya zama naka, sai dai ka kai wa maƙeri ya yi dabara.

Amma maharban nan su ma suna kuka. A 2020 ɗan maɓallin da ke tayar da wuta a gindin kwanso ya yi ɓatan dabo a kasuwa, injinan maƙwabcin nawa suka yi watanni a lulluɓe da tsumma.

A gaishe min da Inna.